Martani Ga Malamin Da Ya Ce Mu Je Mu Koya

Malam, na karanta maƙalarka a kan masu kiran a daidaita fuskar kwamfutar tebur da ta kwamfutar hannu, wato faffaɗan allon nan da ake shafawa da yatsa. Ka yi musu kaca-kaca. Ka ce kira ne na waɗanda ba su san tarihin abin ba, domin an taɓa gwadawa kasuwa ta tofar. Ka ce yatsa daban, linzami daban, don haka dole kowace na'ura ta zo da nata tsari. Daga ƙarshe ka yanke hukunci cewa duk wanda ya rikice a tsakanin biyun ƙyuya ce ke damunsa, ya je ya koya. Rubutun ya yi daɗin karatu, kuma tarihin da ka kawo babu ƙarya a cikinsa. Ginin da ka ɗora a kan tarihin ne ban yarda da shi ba. Daga Zuru nake rubuto maka, inda maganar ke da nauyin da ba lalle a ji shi a ofis mai na'urar sanyi ba.

Babbar shaidarka ita ce Windows 8. A watan Oktoba na 2012 kamfanin Microsoft ya fito da shi, ya cire maɓallin Start da ke zaune a kusurwar hagu ta ƙasa tun zamanin Windows 95, ya shimfiɗa wa allo manyan murabba'ai masu launi irin waɗanda aka yi domin yatsa. Akawun da ya shekara 17 yana kashe kwamfutarsa ta hanya ɗaya ya wayi gari bai san inda aka kai makashin ba, sai ya tura linzami can lungun allo sannan wani ɓoyayyen jeri ya leƙo. Duniya ta yi ca. Ba a cika wata guda ba Steven Sinofsky, shugaban sashen Windows, ya bar kamfanin. A 2013 aka dawo da maɓallin, a 2015 Windows 10 ya dawo da jerin nan da aka saba. Zan ma ƙara maka wata shaidar da ba ka kawo ba: Mark Shuttleworth, attajirin nan ɗan Afirka ta Kudu mai Ubuntu, ya kwashe shekaru yana ƙoƙarin gina fuska guda wadda za ta yi aiki a waya da kwamfutar hannu da ta tebur, a watan Afrilu na 2017 ya fito ya ce ya haƙura.

To, amma me mutane suka ƙi a Windows 8? A nan muka raba hanya. Kai ka ce daidaito suka ƙi. Ni kuwa na ce daidaiton ne aka ƙwace musu, shi ya sa suka yi bore. An ɗauke abin da hannunsu ya haddace an musanya da baƙo, ba a tambaye su ba, kuma a cikin kwamfuta guda aka cusa musu duniya biyu: ka latsa hoto ya buɗe a duniyar murabba'ai, ya cinye allon duka, babu alamar rufewa a inda ka san ta, ka buɗe takardar aiki ta dawo da kai tsohuwar duniya. Shi ya sa ƙananan manhajoji irin su Classic Shell da Start8, waɗanda ba su da wani aiki sai mayar da jerin Start mazauninsa, suka yi kasuwa a lokacin. Wanda ya je ya nemo manhaja domin a dawo masa da jiya, ai ba za a ce da shi maƙiyin daidaito ba. Shaidan da ka kira kotu, ni ya yi wa shaida.

Ka kuma tsayar da labarin a inda ya yi maka daɗi. Ka tuna mana cewa a 2012 Tim Cook na Apple ya yi wa masu haɗa na'urorin biyu ba'a, ya kwatanta abin da haɗa firji da na'urar gasa burodi. Haka ne. Sai dai ka duba abin da kamfaninsa ya yi bayan ba'ar. A 2015 ya fito da iPad mai allon madannai. A 2017 ya sa masa ma'ajiyar fayil. A 2020 ya yarda a yi amfani da linzami a kansa sosai da sosai. A 2025 ya ba shi tagogi masu hawa kan juna da jerin umarni a sama, irin na kwamfutar tebur. Samsung tun 2017 yake da DeX, inda kake jona waya da babban allo ta rikiɗe ta koma kamar kwamfuta. Google ma a 2025 ya tabbatar yana shirin haɗe Android da ChromeOS. 'Yan kasuwa ne, ba sa kashe kuɗi a kan abin da ba a tambaya a shago.

Wannan duk labarin can ne. Wanda ake kira mai saye a Amurka mutum ne mai na'ura uku nasa na kansa, idan wannan ta gundure shi ya ɗauki waccan. A masarautar Zuru, daga cikin gari har Mahuta da Ribah da Dirin Daji, akasarin mutane na'ura ɗaya suka mallaka, ita ce waya, Tecno ko itel ko Infinix. Ta biyu haya ake yi, a shagon kwamfuta, a biya kuɗin awa. Ta uku kuwa ba a ganinta sai ranar da za ta yanke wa mutum hukunci, a ɗakin jarrabawa ko wurin neman aiki. Mai na'ura uku bambancin ɓacin rai ne kawai gare shi. Mai ɗaya kuma da makinsa yake biya.

Ka shigo ɗaya daga cikin shagunan da ke koya wa yara kwamfuta a nan lokacin da jarrabawar JAMB ta ƙarato, ka samu benci ka zauna. Za ka ga yarinya wadda a waya babu abin da ya gagare ta: tana tura kuɗi, tana yanka bidiyo, tana karanta wa mahaifinta saƙon banki. An zaunar da ita gaban kwamfutar gwanjo, janareta na ƙugi a bayan shago. Abu na farko da za ta yi, ta kai yatsa ta taɓa gilashin. Shiru. Ta sake dannawa da ƙarfi har allon ya girgiza. Mai shago ya miƙo mata linzami. Ta ja shi, kibiya ta tsere can sama. Ta jawo, linzamin ya kai bakin tebur, sai ta ɗaga shi sama tana juyawa a iska.

"Ƙanwata, aje shi ƙasa. Bari hannunki ya kwanta a kansa, kar ki shaƙe shi."

An ce ta latsa sau biyu da sauri. Tsakanin latsawa ta farko da ta biyu hannunta ya motsa, sai ta ja alamar ta jefa cikin wata folda, abin da take nema ya ɓace daga allo. Ta ɗago ido a tsorace, ta ɗauka ta lalata kayan mutane.

"Yaya, ina wurin komawa baya?"

Babu. A wayarta akwai hanyar komawa baya guda ɗaya wadda ke aiki a ko'ina, duk inda ta ɓata da ita take fita. A nan kowace manhaja da tata ƙofar. A waya idan tana son ganin ƙasan shafi sama take tura shi da yatsa. A nan sandar gefe za ta kama ta ja ƙasa. A waya abin da ta rubuta yana nan ko ta fita. A nan sai ta latsa hoton wani faifai mai kusurwa huɗu wanda aka daina amfani da shi tun ba a haife ta ba, in ba haka ba wuta na ɗaukewa aikin ya tafi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba girman yatsa ne ya haifar da shi ba. Gado ne kawai, kowane gida ya riƙe nasa.

Ka ce ƙyuya. Malam, a ƙasar da a al'adance saurayi kan kwashe shekaru har bakwai yana noman golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, ƙasar da ta cika barikokin Najeriya da sojoji, wannan kalma ba ta da wurin zama. A nemo wani dalilin.

Ita kanta hukumar JAMB ba ta tsaya a kan ra'ayinka ba. Ta soma jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015. Ba a daɗe ba ta gane cewa tana auna iya riƙe linzami ne tare da ilimin kimiyya da lissafi. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta shigo da tsarin madannai takwas: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na janyewa. Ta kuma ƙirƙiro jarrabawar gwaji a shekarar. Hukumar da ke jarraba yara kusan miliyan biyu a shekara ba ta ce su je su koya ba. Ta sauko da na'urar ne zuwa inda hannunsu yake. Ka lissafa da kanka dalilin. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da ya ɓata minti goma na farko yana kokawa da kibiya, da zufa a tafin hannu, ya zubar da lokacin tambayoyi 15 kafin ya karanta ko ɗaya da natsuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma sai mai gora ke fafewa.

Maganarka ta yatsa da linzami kuwa, na karɓe ta hannu biyu. Kan yatsa faffaɗa ne, shi ya sa Google ke ba masu ƙera manhaja shawarar kada wurin latsawa ya gaza kimanin milimita 9, alhali kibiyar linzami na iya tsayawa a kan ɗigo. Wanda ya miƙa hannu yana shafa allon da ke tsaye a tebur na awa guda, kafaɗarsa za ta ba shi labari. Mai lissafin albashi a sakatariyar ƙaramar hukuma yana buƙatar layuka hamsin a gabansa lokaci guda, ba manyan akwatuna shida ba. Duk wanda ya ce a yi wa na'urorin biyu hoto iri ɗaya sak, ya yi kuskure, kuma da kai zan tsaya a kansa. Sai dai ban taɓa jin wani a Zuru ya nemi haka ba.

Ka tambayi tsofaffin direbobi. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. Sannu a hankali sitiyari ya ƙaura daga wannan gefe zuwa wancan, hannun da ke sa giya ya sauya. Amma a ƙasa, kuloci na hagu, birki na tsakiya, totur na dama, ba wanda ya taɓa su. Haka suke a tsohuwar Fijo, haka suke a tifar yashi, ko da yake girman kujera da nauyin sitiyari ba ɗaya ba ne. Ba wanda ya ce tifa ta yi kama da tasi. Abin da aka hana shi ne direba ya kai ƙafa inda ya san birki ya tarar da totur. Daidaiton da muke kira ke nan: maɓalli ya ƙara girma ko ya ragu gwargwadon na'ura, amma sunansa da alamarsa da abin da yake yi su tsaya a inda suke.

Kuma in kana neman hujjar cewa jama'a na son wannan, ba sai an yi ƙuri'a ba. Ka lura da yadda takarda ke tafiya daga waya zuwa na'urar bugawa a garin nan. A ƙa'ida, a jona waya da igiya, a buɗe ma'ajiya, a ɗauko fayil. A aikace ba mai yin haka, domin mai wayar bai san inda fayil ɗin ya sauka ba. Waya ta ɓoye masa foldoji, kwamfuta kuma ba ta san komai ba sai foldoji. Abin da za ka ji kullum shi ne, "Turo min ta WhatsApp." Mai shago ya buɗe WhatsApp ɗinsa a kwamfuta, wanda aka fara samarwa tun 2015, ya sauke ya buga. Me ya sa wannan hanya ta kashe sauran? Saboda ita kaɗai ce ke da fuskar da mai waya da mai kwamfuta duk suka sani: jerin sunaye, koren launi, wurin rubutu a ƙasa. Jama'a sun nemo daidaiton da kansu, sun bi ta taga da aka rufe musu ƙofa.

Tagar kuma tana da tsada. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Saboda haka a wayar yaron shago guda za ka tarar da takardun NIN na mutane, da takardun haihuwa, da sakamakon jarrabawa, da hotunan fasfo na 'yan mata, da takardun asibiti, jibge a wuri ɗaya, ba mai gogewa. Akasarinsu yaran kirki ne, amma waya tana ɓata, ana kuma sayar da ita. Wannan ma yana cikin kuɗin da muke biya, ban ga ka sa shi a lissafinka ba.

Ga kuma wata da ta shafe ni da kai a matsayin masu rubutu da Hausa. A waya, da zarar ka sa madannan Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suna kusa da yatsanka. Ka koma kwamfutar tebur: akwai tsarin Hausa a Windows, amma sai an shiga saituna an ƙaro shi, kuma haruffan ba a zana su a kan madannan ba, sai lalube. Sakamakon shi ne ɗalibin da ke rubuta Hausa daidai a waya, idan ya zo buga aikin makaranta sai a cire wa haruffan ƙugiya, ko a manna musu waƙafi a gaba, wani ya manna a baya. Masu rubuta C'lela, harshen Lelna, su ma da nasu haruffa na musamman, wahalarsu ta fi tamu. Wannan wane yatsa ne ya jawo shi?

Akwai wuri guda a rubutunka da ya tsaya min a rai, kuma ba zan tsallake shi ba. Ka ce idan aka yi ta lallashin mutane da sauƙin waya, za mu tara masu kallo da shafawa, mu rasa masu ƙirƙira. Kwamfutar tebur ce wurin aiki na gaske, kuma wahalarta horo ce. Rabin farko na yarda. Ɗalibin Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru, wadda aka kafa a 2020 a kan harsashin tsohuwar kwalejin aikin gona, ba zai nazarci alƙaluman gwajin iri ko ya rubuta kundin kammala karatu da babban yatsa ba. Dole ya zauna a tebur. Amma wahala iri biyu ce. Akwai wahalar aikin kansa, sanin yadda ake jera alƙaluma da gina hujja, wannan horo ne kuma ba mai neman a ɗauke ta. Akwai kuma wahalar neman inda aka ɓoye maɓalli, wadda ba ta ƙara wa kowa basira. Idan ka rage ta biyu, lokacin da ya saura na ta farko ne. Yaron da ya tarar rabin abin da ya sani a waya yana aiki a kwamfuta zai zauna ya ƙarasa sauran rabin. Wanda ya tarar komai nasa ya zama banza, shi ne ke miƙa wa mai shago takarda ya ce a buga masa, har ya gama digiri.

Sannan su je su koya a ina? Makarantu nawa ne a ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba da Fakai ke da ɗakin kwamfuta mai aiki da wutar da za ta riƙe shi? Wasu garuruwan ma shekarun nan 'yan bindiga sun tarwatsa su, yara suna karatu a inda gudun hijira ya ajiye su. Kwamfutocin da ke shagunanmu kuwa tsofaffi ne da aka sauke daga Turai, aka biyo da su ta Legas ko Kano. Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma da yawansu ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Ke nan yaro zai koya a kan tsohuwar fuska, ya je wani wuri ya tarar da sabuwa, maɓallin Start ya bar kusurwa ya dawo tsakiya.

Na san amsar da za ka bayar: Zuru ba ta isa ta juya Apple ko Microsoft ba. Gaskiya ne, kuma ban ɗauka za su karanta mu ba. Amma yawancin fuskokin da ke wahalar da mutanenmu ba a Kalifoniya aka zana su ba. Shafukan rajistar makarantu ne, da na ɗaukar aiki, da manhajojin da ake ɗora wa ma'aikatan lafiya da malaman gona a kwamfutocin hannu su shiga ƙauyuka tattara bayanai. 'Yan Najeriya ne suka rubuta su, da kuɗin gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji. A nan ne mai saye da mai amfani suka zama mutum biyu daban: wanda ya sa hannu a kwangilar yana Abuja ko Birnin Kebbi, wadda za ta cike fom a rana a gindin bishiya, ta dawo ofis ta tarar da shi da wasu sunaye da wani jeri a kwamfutar tebur, ba a taɓa tambayarta ba. Idan ba ka ji kukanta a kasuwa ba, ba don ba ta yi ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Waɗannan kuwa ana iya gyara su da layi biyu a takardar kwangila. Fom ya zama jerinsa ɗaya, sunayen gurabensa ɗaya, ko a wace na'ura aka buɗe shi. Duk shafin da talaka zai cike ya buɗu a waya ba tare da an ja shi hagu da dama ba. Manhajar gwajin jarrabawa da yaro zai sauke a waya ta zama tamkar wadda zai tarar a ɗakin jarrabawa, har launi da mazaunin agogo. Kafin a biya ɗan kwangila, a zaunar da mutum goma daga ƙauye a gaban abin da ya gina, shi kuma ya tsaya a baya ya naɗe hannu, kada ya ce uffan.

Lokaci kuma ba ya gefenmu. WAEC ta soma jarrabawa ta kwamfuta ga masu zama na kashin kansu a 2024, kuma a 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar cewa gwamnati na son WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya. Ana ta jayayya a kan ranar, amma ba a kan alƙiblar ba. JAMB mai neman shiga jami'a ko kwaleji kaɗai ke zama mata. Ta ƙarshen sakandare kuwa duk ɗan aji shida ne, har da wanda ke can bayan Wasagu, wanda bai taɓa ɗora hannu a kan linzami ba.